Akwatin wufa mai siffar ganga: yadda ake lissafa shi da yadda ake haɗa shi

A wurin biki ko ɗakin kallon ƙwallo, akwai ɓangaren sauti da ƙirji ke ji kafin kunne. Shi ne bas, sauti mai kauri, kuma lasifikar da ke fitar da shi ita ake kira wufa. Aikinta yana tsakanin 20 da kamar 100 Hz, wato girgizar iska sau 20 zuwa 100 a daƙiƙa guda. An saba ganin ta cikin akwatin katako mai kusurwa huɗu, sai dai masu ƙera kayan sauti a gida a ƙasar Amurka sun daɗe da wata dabara: sanya ta cikin bututu mai faɗi, a tsayar da shi kamar ganga.

Bututun da suka fi amfani da shi na kwali ne mai kauri, wanda kamfanin Sonoco ke yi da sunan Sonotube domin magina su zuba siminti su fitar da ginshiƙi. Dabarar ta kai har ga ƴan kasuwa: kamfanin SVS, da aka kafa a jihar Ohio a 1998, da wufa mai siffar bututu ya fara suna.

Me ya sa sai da akwati?

Idan fuskar lasifika ta tura iska gaba, bayanta na janyo iska a lokaci guda. Sauti na gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon sautin 40 Hz ya haura mita 8. Sauti mai tsawon zango haka yana zagayo lasifikar cikin sauƙi, na gaba da na baya su kashe juna. Shi ya sa wufar da aka jona tsirara a kan tebur take ta rawa amma ba a jin komai. Aikin akwati shi ne ya tsare sautin baya.

Matsalar akwatin mai kusurwa ita ce bangonsa shimfiɗaɗɗe ne. Iskar ciki na tura shi, yana lanƙwasa yana komawa, sai ya ƙara nasa gunjin a kan kiɗan. Dole a yi shi da katako mai kauri, a kuma tokare shi ta ciki, nauyi da kuɗi su ƙaru. A bango mai zagaye kuwa, matsin iska na rabuwa daidai ko'ina, ba inda zai lanƙwasa. Dalilin ke nan da ake yin tukunyar gas zagayayya. Kwali maras nauyi na iya tsayawa inda sai katako mai nauyi ke tsayawa.

Lissafi kafin zarto

Kowace wufa na da yawan iskar da take buƙata a bayanta. Injiniyoyi biyu, Neville Thiele na Ostareliya a 1961 da Richard Small a farkon shekarun 1970, su suka shimfiɗa hanyar lissafin. Alƙaluma uku ake nema a takardar da ta zo da lasifikar: Fs, Qts da Vas. A shigar da su cikin manhajar kwamfuta ta kyauta irin WinISD, za ta faɗi litar da ta dace. A dunƙule, wufar da Qts ɗinta ke ƙasa da 0,4 ta fi dacewa da akwati mai hancin iska, wadda ta haura 0,5 kuma rufaffe ya fi mata.

Cikin bututu kuwa haka ake auna shi: rabin faɗi sau rabin faɗi, sau 3,14, sau tsawo. Bututu mai faɗin santimita 40 da tsawon mita guda yana ɗaukar lita 125. A cire wurin da lasifikar, marufai da hancin iska za su ci, saura kamar 120.

Rufaffen akwati shi ya fi sauƙi, kuma yana yafe ƙaramin kuskure. Mai hancin iska ya fi ƙara, amma ba ya yafiya. Hancin wani ƙaramin tiyo ne da iskar cikinsa ke amsawa a mita guda ta sauti, kamar yadda bakin kwalba ke kuka idan an hura shi. A akwati mai lita 120, tiyo mai faɗin santimita 10 da tsawon kimanin 14 zai amsa a 30 Hz. In aka ƙara tsawonsa zuwa 24, sai ya sauka 25 Hz. Tiyon da ya yi siriri da yawa yana fito idan an ƙara murya.

Akwai kuma iyaka ga tsawon gangar kanta. Sauti na kai-kawo tsakanin marufai biyu: a bututun mita guda amsa-kuwwar na faɗowa wajen 170 Hz, nesa da aikin wufa. A na mita 2 tana saukowa kusan 85 Hz, daidai cikin kiɗan. Gajere mai faɗi ya fi dogo siriri.

Haɗawa

Raunin ganga yana marufanta, tun da su kaɗai ne shimfiɗaɗɗu. Ana yanka faifai biyu ga kowane baki daga katakon MDF mai kaurin milimita 18: ɗaya ya shige cikin bututun cif, ɗaya ya zauna a kansa, a manne su da gam. Galibi lasifikar na zama a marufin ƙasa tana kallon daɓe, a kan ƙafafu masu tsawon santimita 10 zuwa 15, hancin iska kuma a sama. Hakan na sa nauyi ƙasa, gangar ba ta kifewa. A shimfiɗa auduga ko soso a bangon ciki, ban da bakin hancin.

Babban abin lura shi ne toshe kowace kafa, har ramin da waya ta bi. A rufaffen akwati, a danna fuskar lasifikar a hankali da hannu: in ta shige ba turjiya, akwai inda iska ke zurarewa.

Abin da ke ƙona wufa

Wufa na buƙatar ampili mai tace sauti, wanda zai tsayar da abin da ya haura kamar 80 Hz. A duba kuma om ɗinta: jona wufa biyu masu om 4 gefe da gefe na mayar da su om 2, wanda ampili da yawa ba sa jurewa. A akwati mai hanci, sautin da ke ƙasa da mitar da aka saita ba ya samun iskar da za ta riƙe lasifikar, sai ta yi ta fizga har ta yage. Matatar da ke yanke wannan ƙasan ta fi sabuwar wufa araha.

Mai son gwadawa a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai fi saurin samun babban tiyon PVC mai kauri a wurin masu kayan gini fiye da bututun kwali, kuma lissafin bai canzawa. Wanda ya samu na kwali ya shafe shi da fenti ciki da waje, ya ɗaga shi daga ƙasa, saboda danshin damina da gara. Kafin a sayi bututu, a fara riƙe lasifikar da takardarta a hannu, domin ita ce za ta faɗi girman gangar.