Koyar da Rubuta Manhaja ta Intanet: Yawan Masu Rajista Ba Shi Ne Nasara Ba

A watan Oktoban 2023 Ma'aikatar Sadarwa, Ƙirƙire-ƙirƙire da Tattalin Arziƙin Zamani ta Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Minista Dokta Bosun Tijani, ta buɗe rajistar shirin 3MTT, wanda aka ce zai horar da 'yan Najeriya miliyan 3 a fannonin fasahar kwamfuta. Fiye da mutum miliyan ɗaya ne suka nemi shiga, amma 30,000 kacal aka ɗauka a rukunin farko. Sai a 2024 aka faɗaɗa ƙofa ga wasu 270,000. Ma'aikatar da hukumar NITDA, wadda Kashifu Inuwa Abdullahi ke jagoranta, ba su bar karatun a intanet kaɗai ba. An haɗa shi da cibiyoyin horarwa a jihohi, inda ɗalibai ke zama da malami ido da ido.

Ana iya muhawara kan nasarar shirin, kuma ana yi. Amma waɗannan matakai biyu, farawa da kaɗan da kuma ƙin dogaro da bidiyo zalla, sun cancanci nazarin duk matashin da ke zaune a Kubwa ko Gwagwalada yana shirin ɗora kwas ɗinsa na farko na koyar da kodin, wato rubuta manhaja. Irin waɗannan matasa suna ƙaruwa, kuma da yawansu da Hausa suke son koyarwa.

Abin da ke ruɗar sabon malami shi ne adadin masu rajista. A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig na Jami'ar Stanford a Amurka sun buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira kyauta ga duniya. Kimanin mutum 160,000 suka yi rajista, kusan 23,000 suka kai ƙarshe, kuma a wannan fage ana ɗaukar hakan a matsayin abin yabo. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente sun wallafa bincike a mujallar Science kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard a dandalin edX, inda suka gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 cikin 100 da 'yan kai ne suka kammala. Idan jami'o'in da ke da kuɗi da ƙwararru da suna haka abin ya kasance musu, mai ɗaukar bidiyo a ɗakinsa bai kamata ya yi murna da sunaye dubu a takardar rajista ba.

Ina mutanen ke zuwa? Yawancinsu ba wahalar lissafi ce ke korar su ba. Ɗalibi ya kalli darasi, ya fahimta, ya buɗe kwamfuta ya rubuta abin da ya gani, sai allon ya cika da jan rubutu na Turanci. A yaren Python, tazara ɗaya da ba a jera daidai ba a farkon layi ta isa ta tsayar da aikin gaba ɗaya. Wanda ya ƙware zai gano matsalar cikin ƙiftawar ido. Sabon shiga zai kwana a kanta, washegari ya fara zargin kansa cewa ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja, bayan mako guda ya daina buɗe darasin. Ba zai yi ƙorafi ba, ba zai yi sallama ba. Koyon kodin kamar koyon ɗinki ne: kallo ba ya koyar da shi, sai an hau keke, zare ya tsinke, kuma akwai mai gida a kusa da zai nuna inda aka kuskure.

Saboda haka, a ganina, ɗaukar bidiyo shi ne ƙaramin ɓangaren aikin, duk da cewa a kansa ake ƙarar da kuɗi da lokaci. Babban aikin shi ne tanadar amsa ga wanda ya maƙale. Zauren WhatsApp ko Telegram da malami ke shiga a ƙayyadadden lokaci kullum ya fi kyamara mai tsada amfani. Haɗa ɗalibai bibbiyu su duba aikin juna, da zaman kai tsaye sau ɗaya a mako inda malami zai gyara kuskuren wani a gaban kowa, su ne ke riƙe mutane. Bai ma kamata malami ya yanke kurakuransa daga bidiyo ba. Ɗalibin da ya ga malaminsa ya karanta saƙon kuskure a natse ya warware shi ya koyi abin da ya fi darasin ranar.

Wani wurin da ake zubar da ɗalibai shi ne rana ta farko, wajen girka kayan aiki a kwamfuta. Shi ya sa freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, yake barin mutum ya rubuta kodin a cikin burauza ba tare da ya sauke komai ba, kuma kwas ɗin CS50 na Harvard ma ya tanadi irin wannan. A wajenmu batun ya fi haka nauyi, domin da yawan masu sha'awa ba su da kwamfuta sam. Ko kwamfutar gwanjo a Banex Plaza da ke Wuse ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi da yawa. Malamin da ya tsara makonnin farko yadda za a iya yin su a waya, ta Google Colab ko Pydroid, ya buɗe ƙofa ga mutanen da abokin sana'arsa ya kulle wa.

Sai batun data da wuta, wanda ba ya buƙatar dogon bayani ga mazaunin Najeriya. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Bidiyon awa ɗaya mai kaifin hoto na iya lashe kusan gigabait guda. Binciken da Philip Guo da abokansa suka yi a 2014 kan bidiyoyin edX ya nuna hankalin mai kallo na fara janyewa bayan kimanin minti 6. Ke nan gajeren bidiyo, wanda za a iya saukewa a ajiye, tare da rubutaccen bayani, ya dace da aljihu kuma ya dace da hankali. Ma'aikacin da ke shafe sa'o'i a cunkoson hanyar Nyanya zuwa Mararaba zai iya kallon darasin minti biyar a cikin mota. Na awa biyu kuwa zai ajiye shi sai Asabar, Asabar ɗin da ba ta zuwa.

Koyarwa da Hausa babbar dama ce, amma da sharaɗi. A yi bayani da Hausa tsantsa, a bar umarnin kwamfuta da saƙonnin kuskure yadda suke, a koya wa ɗalibi karanta su. In ba haka ba, ranar da kwas ya ƙare zai kasa neman taimako a ko'ina. Masu shirin Arewa Data Science Academy, da ke horar da matasan Arewa kyauta, sun nuna cewa masu neman wannan ilimi suna nan da yawa.

Kuɗin kwas fa? Kyauta na tara jama'a, amma abin da ba a biya ba yana da sauƙin jefarwa. Ɗan kuɗi kaɗan a naira, ta Paystack ko Selar, ya fi farashin dala da zai hana mutane tun daga bakin ƙofa. Kuma kada malami ya yi alkawarin aikin dala bayan wata uku. Wannan tallar ta cika shafukan sada zumunta, kuma ita ke ɓata sunan masu gaskiya. A sani kuma cewa kwas yana tsufa: an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020, amma har yanzu tsofaffin darussansa na yawo suna rikita sababbin shiga. Yanzu ga ChatGPT, wanda ke rubuta wa ɗalibi aikin gida cikin daƙiƙa, don haka dole malami ya riƙa sa ɗalibi ya bayyana da bakinsa abin da kowane layi ke yi.

Malam mai shirin buɗe kwas, kada ka jira sai ka ɗauki darasi hamsin. Ɗauki na makonni biyu, ka tara mutum ashirin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta duk wurin da suka tsaya. Idan rabinsu suka gina ƙaramar manhaja mai aiki da hannunsu, ko da ta lissafin cinikin shago ce, to ka ci gaba da ɗaukar sauran darussan.