Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa: Rikicin 'Yan Zomaye

Zomon karin magana daban, wanda yaran Matameye ke kiwo a bayan ɗaki daban. Na karin magana ɗan daji ne, shi aka ce ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Shi kaɗai yake kwana a gindin sabara, ba ya gina rami, 'ya'yansa kuma da gashinsu suke zuwa duniya, ido buɗe. Shi ne mai wayon da ke wa kura ƙafar ungulu a tatsuniya. Na gida kuwa asalinsa Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa ke zaman taro cikin ramuka, kowa ya san babba, kowa ya san na ƙasa. Zomanya kan yi cikin kwana 31, ta haifi 'ya'ya tsirara, sai wajen kwana 10 su buɗe ido.

A wata biyun farko ba ka jin kansu. Tare suke kwana a cure, suna lasar juna, suna cin dusa a kasko ɗaya. Daga wata 3 zuwa 4 sai zama ya sake. Ka wayi gari ka ga gashi warwatse, wannan na korar wancan, wata na hawan 'yar'uwarta ko da duka mata ne. Namiji ya dinga goga haɓarsa a kasko da bango, yana watsa fitsari. Wari yake ajiyewa, yana shelar cewa nan wurinsa ne. Wasu su ce baki ne ya kama kiwon. Balaga ce kawai, da neman wanda zai zama babba. A daji wanda aka rinjaya gudu yake ya ba da wuri. A keji ina za shi?

Faɗan maza ya fi muni. Sukan yaga kunne, su kai cizo ga maraina, raunin kuma ya ruɓe cikin zafin bazara. Don haka mai kiwo ba ya jiran jini: kafin su cika wata 3 a ware maza da mata, kowane namiji da ɗakinsa. Wannan kuma yana hana zomanya ɗaukar ciki tun jikinta bai ƙosa ba. Mata 'yan ciki ɗaya sukan ci gaba da zama tare in da fili, da kasko biyu, da maɓoya kamar fasasshen tulu. A wadata su da harawar wake ko ta gyaɗa. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, kuma bakin da ke tauna ba ya neman cizo. A nema musu inuwa da ruwa, domin zafin da ya wuce digiri 30 yana gallabar su, ga shi Afrilu a Damagaram kan haura 40.

In faɗa ya ɓarke kada a sa hannu, a raba su da faifai ko katako. In ana son barbara, macen ake kai wa namiji, don ita ba ta karɓar baƙo a ɗakinta. Mai son maza biyu su zauna tare sai ya kai su wa likitan dabbobi ya fiɗiye su, ya jira wasu makonni, sannan ya haɗa su a wurin da babu warin kowa, kaɗan-kaɗan, yana tsaye a kansu. Wasu su shirya, wasu kuwa har abada ba sa ga maciji, sai a bar kowa da kejinsa.

Masu farauta sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kiwonsa ma haka ne: tun suna tsotso ake fara gina ɗaki na biyu.