Karen Gida Da Sabon Jariri

Shirinmu na yau na masu kare ne a gida, musamman gidan da ake jiran haihuwa, ko wanda aka riga aka rangaɗa guɗa.

A ƙasar Hausa kare ba ɗan ɗaki ba ne, amma yana nan. Mafarauci na da nasa, makiyayi na da nasa a bayan garke, kuma tun da matsalar tsaro ta hana mutane barci, gidajen birni da yawa sun koma ajiye karen gadi. Hukuncin ajiye shi fagen malamai ne, mu bar musu. Abin da ke gabanmu shi ne, kare yana tsakar gida, ga kuma jariri ya iso. Yaya za a yi?

Aikin yana farawa tun uwargida na da ciki wata shida ko bakwai. Kare dabba ce mai bin sabo. Idan ita ce ke zuba masa abinci, to tun yanzu wani ya karɓi aikin, domin maijego ba ta da wannan sukunin. Idan ya saba kwanciya a bakin ƙofar ɗakinta, tun yanzu a canza masa makwanci. Dalili kuwa, in aka bari sai ranar da aka dawo da jariri sannan aka fara korarsa da tsawa, zai haɗa korar da zuwan baƙon. A koya masa jin magana biyu ko da ba zai ji wata ba: "zauna" da "fita".

Sai a kai shi wurin likitan dabbobi. A ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska da ƙuma, uwa uba a yi masa allurar rigakafin cutar haukan kare. A nan, masu sauraro, zan ɗan ja magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamominta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Ga shi kuwa rigakafin ba sabon abu ba ne: tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar a Faransa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa ta karnuka. Tun kwikwiyo na wata uku ake fara yi masa. Duk wanda ya iya ciyar da kare, a ganina, ba shi da uzurin ƙin yi masa wannan allura.

To, an sauka lafiya. Kare da hanci yake sanin duniya, don haka kafin ya ga jaririn, a kawo masa zanen da aka naɗe shi da shi, ko 'yar hularsa, ya sansana a hannun maigida. Kada a sakar masa ya ja ko ya yi wasa da shi.

Idan haihuwar fari ce, uwar ta tafi wanka gidan iyayenta, kare ya yi kwana arba'in bai gan ta ba. Ranar dawowa zai yi ta tsalle yana neman hawa jikinta. Saboda haka kaka ko gwaggo ta riƙe jaririn a zaure, uwar ta shiga hannu sake, kare ya gama murnarsa ya lafa. Sannan a sa masa igiya, wanda ya fi jin maganarsa ya riƙe, a shigo da jaririn daga nesa. In ya natsu, a yaba masa, a jefa masa ɗan abin taɓawa. Ba a miƙa jariri ga hancin kare, ba a kuma bari ya lashe shi.

Ranar suna kuwa, ku dubi gidan da idon kare. Tun asuba ana shimfiɗa tabarmi, baƙin fuskoki na shigowa, an yanka rago, jini a ƙasa, ƙamshin suya ya cika gida, yara na guje-guje, wani na ja masa wutsiya, mata na guɗa. Karen da aka horar don ya hana baƙo shiga, yau ga baƙi sun fi hamsin. A wannan rana a kai shi wuri mai inuwa da ruwa, a kulle, a ba shi ƙashinsa can shi kaɗai. Ba zalunci ba ne, hutu ne gare shi.

Kare ba ya cika cizo ba tare da gargaɗi ba, mu ne ba mu iya karanta gargaɗin ba. Za ku ga yana lasar leɓe babu abinci a kusa, yana hamma ba barci yake ji ba, ya kau da kai amma farin idonsa na kan yaron, ko jikinsa ya sandare. Kaɗa wutsiya ma ba kullum ne murna ba. In ya yi gurnani, kada a doke shi, a raba su kawai. Wanda aka daka saboda gurnani zai daina gurnanin, gobe sai dai a ji ihu. Abin da ya fi tsoratarwa shi ne karen da ya yi tsit, ya kafe jariri da ido, ya sunkuya yana sanɗa idan ya ji kukansa. Wannan halin farauta ne, kuma irin wannan kare ba ya zama gida ɗaya da jariri. A nema masa wani wurin.

Sau da yawa za ka ji maigida na cewa, "Ai nawa ba ya cizo, tun yana kwikwiyo yake hannuna." Maigida, kai ya sani, bai san wannan ɗan abin da ke motsi kan tabarma ba. Uwargida, idan za ki shiga wanka ko ki duba tukunya, ko dai ki goya jaririn, ko ki miƙa wa babba, ko a rufe ƙofa. 'Yar shekara bakwai ba za ta iya janye kare ba. Haɗarin ma ƙaruwa yake yi idan yaro ya fara rarrafe, domin a lokacin shi ke zuwa wurin kare, ya kama kunne, ya tsoma hannu cikin kwanon abincinsa.

In tsautsayi ya afku, ko da yaƙushi ne, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15. Kada a sa toka ko ganye, kada a ɗaure. A garzaya asibiti a ranar, ba gobe ba, a nemi allurar cizon kare. Shi kuma karen a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi na dubawa, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara yi wa yaro allura.

Mai sauraro, in akwai kare a gidanka kuma iyalinka na da juna biyu, ka nemo katin rigakafinsa yau ka duba kwanan wata. In babu kati, ka kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan.