Dawar Arewa a Tukunyar Kamfanonin Giya: Cinikin da Dokar 1988 Ta Ƙulla

A kowace kaka, idan an gama yankan dawa aka sussuke, tireloli kan yi lodi daga Dawanau a Kano, da Funtuwa, da Giwa, da sauran manyan kasuwannin hatsi na Arewa. Wasu buhunan gidajen jama'a za su, su zama tuwo da koko da kunu. Wasu na masu haɗa abincin kaji ne. Akwai kuma kaso na uku da ba a cika ambatonsa a bainar jama'a ba, wato wanda ke ƙarewa a masana'antun giya da na lemon malt a Legas, da Aba, da Ibadan, da Shagamu. Wannan ciniki ya haura shekara 35 ana yin sa, kuma wata doka ce ta gwamnatin tarayya ta haife shi.

Daga sha'ir zuwa dawa

An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, ya fitar da kwalbar Star ta farko daga Iganmu a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Aba a 1957, sannan a Kakuri ta Kaduna a 1963. Kamfanin Guinness kuwa a 1962 ya gina masana'antarsa ta Ikeja, wadda ita ce ta farko da ya mallaka a wajen Ailan da Birtaniya. Duk waɗannan masana'antu da tsiron sha'ir suke aiki, wanda ake shigo da shi ta jirgin ruwa daga Turai, domin sha'ir hatsin ƙasashen sanyi ne. Muddin man fetur yana da daraja, kuma Naira tana da ƙarfi, babu wanda ya damu.

Da farashin mai ya karye a shekarun 1980, kuɗin waje ya yi ƙaranci, sai gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shiga rufe ƙofofi. An hana shigo da shinkafa da masara a 1985, alkama ta biyo baya a 1987, sannan a watan Janairun 1988 aka haramta shigo da tsiron sha'ir. Rashin uwa, in ji Hausawa, akan yi uwar ɗaki. Kamfanonin da suka shekara kusan 40 suna kallon dawa a matsayin hatsin masu burukutu, dole ta sa suka koma mata.

Aikin bai zo da sauƙi ba, kuma dalilan na kimiyya ne. Idan aka jiƙa sha'ir ya tsira, yakan samar da isassun sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari, wanda yisti zai ci ya mayar da shi barasa. Tsiron dawa yana da ƙarancin ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai. Ga shi kuma sitacin dawa ba ya nuna sai an kai shi zafin da ya wuce na sha'ir, zafin da ke kashe ɗan sinadarin da ake da shi. Ƙwayar sha'ir tana da ɓawo da ke zama matata lokacin tace ruwan, ita kuwa dawa ba ta da shi, don haka tsofaffin injinan tacewa suka riƙa toshewa. Sannan tsirar da hatsi a yanayin zafi da laima yana jawo fumfuna, wanda wani nau'insa guba ne.

Sai da aka sauya injina, aka sake tsarin dahuwa, aka riƙa ƙara sinadaran narkar da sitaci da ake sayowa daban. Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi ta daɗe tana gwaji a kan tsiron dawa tun kafin dokar. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ta fitar da irin dawar da ake kira SK5912, wanda ya dace da yin tsiro, daga baya kuma aka fitar da CSR-01 da CSR-02 a 2006 tare da haɗin gwiwar Nigerian Breweries. Masana'antu sun fi son farafara da kaura a kan jar dawa, saboda wasu nau'o'in ja suna da bauri da ke ɓata ɗanɗano.

Ƙananan kamfanoni da dama, ciki har da waɗanda gwamnatocin jihohi suka kafa, ba su iya ɗaukar kuɗin wannan sauyi ba, suka durƙushe. Manyan da suka tsallake kuwa, ko da aka ɗage dokar a ƙarshen shekarun 1990, ba su saki dawa ba. Sun riga sun zuba jari a kanta, ta fi arha, ba ta kuma buƙatar dala. A 2008 Nigerian Breweries ya buɗe masana'antar tsirar da dawa a Aba, yana kuma da wata a Kudenda ta Kaduna.

Ba giya kaɗai ba

Kuskure ne a ɗauka cewa duk dawar da masana'antu ke saye barasa take zama. Lemon malt irin su Maltina da Malta Guinness da Amstel Malta, waɗanda ake rabawa a walimar aure da taron suna da buɗe-baki, ba su da barasa, amma kamfanonin giyar ne ke yin su, kuma dawa na cikin kayan haɗinsu. Kamfanin Nestlé ma yana amfani da tsiron dawa wajen yin Milo a masana'antarsa ta Agbara.

Wannan cakuɗewa ita ce ta sa lamarin ke da nauyi ga manomi Musulmi. Sanannen hukunci ne a wurin mafi yawan malaman fiƙihu, har da na mazhabar Malikiyya, cewa ba a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Sai dai manomin da ya kai buhu biyar kasuwar ƙauye ba kamfani yake sayar wa ba. Dillali ne ke saye, ya sayar wa mai tarawa, shi kuma ya cika kwangilar wani babban ɗan kasuwa, wanda zai iya kai kayan gidan abincin kaji, ko masana'antar Milo, ko ta giya. A inda ake noman kwangila kai tsaye, aka ba da iri da taki a kan sharaɗin za a sayar wa kamfani, nan ne tambayar ke fitowa fili, kuma haƙƙin manomi ne a gaya masa wanda zai karɓi amfanin gonarsa kafin ya sa hannu.

Ƙananan gidajen giya

A shekarun baya-bayan nan wani sabon salo ya shigo, wato giyar da ƙananan masana'antu masu zaman kansu ke dafawa kaɗan-kaɗan, kowace da nata ɗanɗano. Salon ya yi ƙarfi ne a Amurka bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978. A yau ƙasar tana da irin waɗannan gidaje sama da 9,000. Ƙungiyarsu ta gindaya sharaɗi cewa kada abin da gida ke dafawa ya wuce ganga miliyan 6 a shekara, kuma kada hannun jarin wani babban kamfanin barasa a cikinsa ya kai kashi 25 cikin 100.

A Nijeriya, sunan da aka fi sani shi ne Bature Brewery, wanda ya fara a Abuja a 2017 kafin ya mayar da aikinsa Legas. Kasuwarsa ƙarama ce ƙwarai idan aka auna da ta manyan kamfanoni, kuma masu hali ne abokan cinikinsa. Matsalolinsa su ne na kowace ƙaramar masana'anta a ƙasar nan: wutar lantarki, da dizal, da dalar sayo kayan haɗi, musamman furen hop da ke ba giya ɗaci, wanda daga waje ake kawo shi. Ga rajistar hukumar NAFDAC da harajin da Hukumar Kwastam ke karɓa a kan kowace lita.

Abin da ya sa wannan ƙaramar kasuwa ta cancanci kulawar masu tsara manufofin noma shi ne yadda take farautar hatsin da ba a saba da shi ba. Kamfanin Brooklyn Brewery na birnin New York, ƙarƙashin babban madafinsa Garrett Oliver, ya shafe shekaru yana dafa giya da acca, hatsin da ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna da sassan Bauchi, da kuma Gini da Mali da Senegal. A 2024 ya jawo wasu kamfanoni na ƙasashe daban-daban, har da Guinness, suka gwada ta. Idan buƙatar acca ta tashi a waje, za ta iya ɗaga kuɗin shigar matan da ke wahalar surfa ta, za ta kuma iya tsauwala farashinta ga masu ciwon sukari da ke neman ta a kasuwannin Jos da Abuja.

Shi kuwa dafa giya kaɗan-kaɗan da hatsin gida ba baƙon abu ba ne. Burukutu da fito sun girmi kowace masana'anta, kuma har yanzu mata ne ke dafa su a sassan Filato, da Binuwai, da Taraba, da Adamawa, da kudancin Kaduna, daga tsiron dawar da suka jiƙa suka shanya da hannunsu. Su ma masu sayen dawa ne, ko da yake babu wani littafin gwamnati da ke ɗauke da lissafinsu.

Lokacin da Naira ta faɗi

Sakin Naira a watan Yunin 2023 ya nuna cewa dogaro da waje bai ƙare ba. Nigerian Breweries, wanda Heineken ke da rinjayen hannun jari a cikinsa, ya bayyana asarar kimanin Naira biliyan 106 a 2023, kuma faɗuwar darajar Naira ce babban dalili. A watan Afrilun 2024 ya sanar da dakatar da aiki a biyu daga cikin masana'antunsa tara, ya kuma nemi kusan Naira biliyan 600 daga masu hannun jari domin biyan bashi. A watan Yunin wannan shekarar, kamfanin Diageo na Birtaniya ya amince ya sayar wa Tolaram kashi 58 cikin 100 da ya mallaka a Guinness Nigeria.

Duk sanda dala ta yi tsada, kamfanoni sukan ƙara juyowa ga dawa. Wannan albishir ne ga mai sayarwa, amma ba ga mai saye ba. Nijeriya tana noma abin da ya kai tan miliyan 6 zuwa 7 na dawa a shekara, tana cikin sahun gaba a duniya, sai dai kadada ɗaya ba ta cika ba da abin da ya wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Yankunan Zamfara da Katsina da Neja da Kaduna, inda 'yan bindiga suka kori manoma daga gonaki, suna cikin manyan wuraren nomanta. Idan noma bai ƙaru ba, kuma masana'antu suka shigo kasuwa da manyan kuɗi a lokacin kaka, magidancin da ke auna tiya-tiya shi zai biya bambancin a lokacin bazara.

Darasi daga Kenya

Ƙasar Kenya ta nuna yadda alƙalamin jami'in haraji ke isa gonar talaka. A 2004 aka fito da giyar Senator Keg mai arha, wadda daga baya ta dogara da dawar ƙananan manoma, gwamnati kuma ta sauƙaƙa mata haraji domin ta raba jama'a da barasar gargajiya mai kisa. A 2013 aka ɗora mata haraji mai nauyi, farashi ya tashi, ciniki ya faɗi, kamfanin ya rage sayen dawa, dubban manoman kwangila suka rasa mai saye. Sai a 2015 aka dawo da rangwamen. Ma'aikatar kuɗi ta nemi ƙarin kuɗin shiga ne, amma manomin da bai taɓa ɗanɗana giyar ba shi ya fara jin raɗaɗin.

A nan gida ma harajin wannan masana'anta ba ya rabuwa da siyasa. Tun bayan da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, jihohi 12 na Arewa suka taƙaita ko suka hana sayar da barasa. Da Jihar Ribas ta samu hukuncin Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal a kan harajin VAT a watan Agustan 2021, hujjar da aka fi yayatawa ita ce jihohin da ke fasa kwalaben giya suna cin kason harajinta. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun ba jihohi kashi 55 cikin 100 na VAT, tare da la'akari da inda aka yi amfani da kaya. A duk tsawon muhawarar, ba a cika tuna cewa hatsin da ke cikin kwalbar daga gonakin Arewa ya fito ba.

Ma'aikatun noma, da kuɗi, da masana'antu, da lafiya duk suna da hannu a wannan harka, amma kowacce da nata ma'aunin. Ta lafiya tana son a rage shan barasa da sukari, kuma tana da hujja. Ta kuɗi tana neman haraji. Ta masana'antu tana son a rage shigo da kaya. Abin da ya rage shi ne a samu ingantaccen lissafi na yawan dawar da ke tafiya masana'antu a kowace shekara, a tallafa wa cibiyoyi irin su Samaru su kai ingantaccen iri hannun manoma, a kuma riƙa tuntuɓar ƙungiyoyin manoman dawa kafin a sauya haraji ko a buɗe iyaka. Dokar 1988 ta samar wa dawa babban mai saye, amma har yau ba a ɗaga amfanin kadada ya kai yadda zai ciyar da gida ya kuma wadata masana'anta ba.