Kafin Alƙalami: Na Wa Ne Idan An Fasa Aiki?

Mai zanen gini ko mai fassara da ke cin gashin kansa kan nemi kafin alƙalami, bisa sharaɗin ba zai mayar ba ko da mai aikin ya fasa. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: ya ware makonni, ya sallami wasu masu nemansa.

Taƙaddamar dai tsohuwa ce. Malikiyya sun hana cinikin arbun, Hambaliyya suka halatta, sannan a 1993 Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Burunai, ta amince da shi muddin an ƙayyade wa'adi. A nan fa gizo ke saƙar, domin sau da yawa yarjejeniyarmu ta baka ce, ba wa'adi, ba shaida. Kamata ya yi a rubuta ranar da kuɗin zai zama nasa, da kason da zai mayar in bai soma aikin ba.