Kwalliyar Birawuni da Royal Aisin: Hattara da Ɗanyen Ƙwai

Uwargida, kina son birawuninki, wato kek ɗin cakulet mai danƙo, ya fito da zane fari tas? Ki samu farin ƙwai ɗaya, garin sukari kimanin giram 200 da ɗigon lemun tsami, ki buga har ya yi kauri. Shi ne royal aisin.

Ki bari kek ɗin ya huce sarai, don zafi da maiƙo suna ɓata zane. In kin zana, ya kwana ya bushe.

Sai dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ga jan kunne: ɗanyen ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa zawo da amai. In akwai mai ciki, ƙananan yara ko tsoho a gida, ki nemi garin farin ƙwai da aka kashe ƙwayoyin cutarsa.