Amfilifayar Mota: Duba Fis Kafin Ka Gaskata Kwali

Duk wanda ya saba bi ta garejojin Williamsville, ko ya shiga gbaka daga tashar Adjamé, ya san mutanen Abidjan ba sa wasa da kiɗa a mota. Zouglou ne, coupé-décalé ne, ko waƙoƙin gida da Hausawan Nijar da Najeriya ke ɗebe kewa da su, ana so a ji dukan ganga har ƙirji. Sai dai da yawa da an ƙure murya sai lasifika ta fara gwarangwaram, mai mota ya ɗora mata laifi ya canza ta, matsala kuma tana nan. Galibi rediyon ne ya gaza.

Dalili kuwa, lantarkin mota volt 12 ne, ya kai 14 da 'yan kai idan inji na aiki. Da wannan ɗan ƙarfi, rediyon da aka rubuta masa 4x50W abin da yake iya bai wa kowace lasifika mai om 4, ba tare da sauti ya lalace ba, bai wuce wat 15 zuwa 22 ba. In aka matsa masa sai ya yanke kan sautin, wannan gurɓataccen sauti kuma shi ke ƙona 'yan ƙananan lasifikan nan masu siririyar murya. Amfilifaya, wadda a Abidjan ake ce wa ampli, tana da sashen da ke ɗaga lantarkin batir ya ninku a cikinta, shi ya sa take tura lasifika cikin sauƙi, sauti ya fito tas.

Wurin saye ake yin asara. A shagunan kayan lantarki na Adjamé da Treichville za ka ga kwali an zana masa 3000W da manyan haruffa, farashi kuma kamar kyauta. Wannan adadi ƙarfin ƙiftawar ido ne, in ma an taɓa auna shi. Abin nema shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa tana ta aiki. Kamfanoni masu mutunci suna bin ma'aunin Amurka mai suna CTA-2006 (a da CEA-2006), inda ake gwaji a volt 14.4 da lasifika mai om 4, gurɓacewar sauti kuma kada ta haura kashi 1 cikin 100.

In ba ka ga wannan ba, juya na'urar ka karanta fis ɗinta, domin shi ba ya talla. Fis mai amfiya 30, ka ninka da 14, ya ba ka wat 420. Iyakar abin da za ta iya ja daga mota ke nan. Amfilifaya kuma aji-aji ce: idan ajin AB ce, kusan rabi zai tafi a zafi, saura ɗari biyu da wani abu. Idan ajin D ce, wajen kashi 80 cikin 100 zai isa ga lasifika. To daga ina dubu uku za ta fito? A ganina ajin D ta fi dacewa da garin nan: ga zafi, ga laima, ga cunkoson da mota za ta daɗe tsaye iska ba ta shiga but inda aka ajiye amfilifayar. Ba ta ɗaukar zafi sosai, ba ta kuma wahalar da altanetar ƙaramar Corolla.

Ga mai lasifika huɗu a ƙofofi, amfilifaya mai hanya huɗu da ke ba da wat 50 zuwa 75 RMS kowace hanya ta wadatar, muddin adadin ya yi kusa da RMS ɗin lasifikan. Mai son ƙara wufa, wato lasifikar duka mai zurfi, daga baya yana iya haɗe hanyoyin baya biyu su tura ta. Wanda rediyonsa na kamfani ne, marar ramin RCA, ya tabbata na'urar tana karɓar sauti kai tsaye daga wayar lasifika. Ni dai na fi yarda da tsohuwar Pioneer ko Kenwood ko Alpine ta gwanjo, irin kayan da ake kira France au revoir, a kan sabuwa fil marar asali. Amma sunayen nan ma ana yi musu jabu, don haka a jona ta a gabanka, kowace hanya ta yi magana, ta ɗan jima tana kiɗa ka taɓa ka ji zafinta.

Kada kuɗin su ƙare a kan na'ura. Waya mai araha sau da yawa alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. A kankare bakinta, in ta yi fari a ƙara kauri ko a bar ta. Fis na biyu dole ne a kusa da batir, cikin santimita 45, domin in waya ta goge da ƙarfen mota babu shi, gobara ce. Wayar ƙasa ta zama gajeriya, a ɗaure ta a ƙarfen da aka goge wa fenti, in ba haka ba za ka riƙa jin kukan inji a lasifika duk lokacin da ka taka totur.

Sai saiti, inda masu haɗawa da yawa ke ɓata aikin don su burge mai mota. Maɓallin gain ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da ƙarfin rediyo ne. A kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, a riƙa murɗa gain a hankali har sauti ya fara ɓaci, sannan a dawo da shi baya kaɗan. A kunna HPF a wajen 80 Hz, domin a ɗauke wa lasifikan ƙofa duka mai zurfin da ba za su iya ba. Ka tsaya a kan mai aikin da waƙar da ka sani sarai, ka saurara da kunnenka kafin ya mayar da kujera ya ɗaure.